Zaɓen gajeriyar sandar fatsa don kamun kirafi a ƙarƙashin dandamalin jirage

A manyan tafkunan kudanci da tsakiyar Amurka, irin su Lake of the Ozarks a jihar Missouri da tafkin Weiss a Alabama, da wuya ka ga gida a bakin ruwa wanda ba shi da dandamalinsa. Gada ce ta katako ko ƙarfe da ake miƙawa cikin tafki, sau da yawa har da rufin kwano, inda mai gida ke ɗaure jirginsa. Wani dandamalin a kan ginshiƙai aka kafa shi, wani kuwa yawo yake yi a kan manyan akwatunan roba, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe don kada iska ta tafi da shi. Ko wane iri ne, ƙarƙashinsa inuwa ce mai duhu, kuma nan kifin da Amurkawa ke kira crappie, mu ce masa kirafi, yake fakewa idan rana ta take.

Kirafi kifi ne mai faɗin jiki, kusan fasalin karfasa. Yawanci tsawonsa santimita 20 zuwa 30 ne, wanda ya kai rabin kilo kuwa ya isa a nuna wa abokai. Iri biyu ne, fari da baƙi, ana bambanta su da ƙayoyin gadon baya: farin yana da 5 ko 6, baƙin 7 ko 8. Farin kirafi mafi nauyi da aka rubuta an kama shi ne a madatsar Enid ta jihar Mississippi a 1957, kilo 2.35. Ka ga ke nan ba kifin da zai karya maka sanda ba ne. Halayensa biyu ne suka sa zaɓen sanda yake bukatar lura. Fatar bakinsa siririya ce ƙwarai, har ana masa laƙabi da mai bakin takarda, in ka fizge shi da ƙarfi sai ƙugiya ta yage bakin ta fita. Sannan daga ƙasa yake tasowa ya tsotse koto a hankali, wani lokaci hannunka ba zai ji komai ba.

Wahalar dandamali ita ce ƙofarsa. Tsakanin katako da ruwa sau da yawa bai wuce kamu ɗaya ba, wani wurin ma taƙi guda ne, kifin kuwa yana can ciki, mita 4 ko 6 daga baki. Jifa ta sama ba ta shiga, ta gefe ma yawanci katako take bugawa. Shi ya sa masu fatsa a can suka koma harbi: ka riƙe koton da yatsu biyu, ka ja shi baya har sanda ta lanƙwasa, ka saki, ya tafi yana tsalle a kan ruwa kamar faifan dutsen da yaro ya wurga a kogi. Wanda ya taɓa harbin tsuntsu da danƙo ya riga ya san rabin karatun. A wannan aiki sanda baka ce, kuma da idon mai sayen baka za ka zaɓe ta.

Tsawo

Yawancin sandunan kirafi da za ka gani a shago dogaye ne, ƙafa 10 har zuwa 16. Na wani aiki ne daban: ana jera su a gaban jirgi a tafi a hankali, ko a zura koto da su cikin rassan itacen da ya nutse. A wurin dandamali sai dai su yi ta karo da rufi da ginshiƙai. Abin da kake nema yana tsakanin ƙafa 4 da rabi da ƙafa 7, wato mita 1.37 zuwa 2.13.

Gajeriya, ƙafa 5 ko ƙasa da haka, tana da sauƙin saiti, tana kuma juyawa a matsattsen wuri, misali tsakanin jirage biyu da aka ɗaure gefe da gefe. Aibinta shi ne ba ta tara ƙarfi da yawa, don haka harbinta ba ya nisa, dole ka matso da jirginka kusa, inuwarka da ƙarar injinka su kori kifin da ke baki. Mai ƙafa 7 tana kai koto har ƙuryar dandamali daga nesa, amma sai mai dogon hannu, kuma kuskure kaɗan a wuyan hannu yakan zama babba kafin ya isa tsini.

Inda kake tsaye shi ne ke yanke hukunci. Tsinin sanda yana bukatar ya kasance kusa da ruwa a lokacin harbi. Wanda ke zaune a ƙaramin kwalekwale, ruwa na dab da gwiwarsa, ƙafa 5 zuwa 5 da rabi ta ishe shi. Wanda ke tsaye a gaban jirgi mai tudu, in ya ɗauki gajeriya zai wuni a durƙushe, gara ya ɗauki ƙafa 6 zuwa 6 da rabi. Wanda kuma ba shi da jirgi, a kan dandamalin kansa yake tsayawa yana sauke koto a gindin ginshiƙai, ƙafa 4 da rabi zuwa 5 da rabi ta fi masa, saboda rufin da ke kansa ba zai bar shi ya ɗaga doguwa ba.

In sanda ɗaya tak za ka saya, sayi mai ƙafa 6.

Ƙarfi da wurin lanƙwasa

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, don haka sai a tsaya a kai. A jikin kowace sanda, ɗan sama da mariƙi, akwai rubutu. Za ka ga tsawonta, da nauyin zaren da ya dace da ita, da nauyin koton da take ɗauka, da wasu alamu biyu da mutane ke yawan haɗa su wuri ɗaya alhali daban suke.

Ta farko ƙarfi ce, wato nauyin da ake bukata kafin sandar ta lanƙwasa. UL ita ce mafi laushi, sai L, sai ML, sai M. Ta biyu tana faɗin inda lanƙwasar take faruwa. In an rubuta Fast, kashi ɗaya cikin uku na sama ne ke lanƙwasa, sauran yana tsaye. Moderate tana lanƙwasa har tsakiya. Slow kuwa har mariƙi.

Sabon shiga yakan ce kifin ƙarami ne, koton ma ƙarami, to bari in ɗauki UL. Hankali ne mai kyau a buɗaɗɗen ruwa, amma ba a nan ba. UL da yawa lagwai-lagwai suke tun daga tsini har gindi, kamar taliyar da ta sha ruwa. Ka ja ta lanƙwasa ba gardama, ka saki ta dawo a kasalance, koton ya faɗi mita biyu a gabanka. Bayan sakin ma tsininta ba ya tsayawa nan da nan, sai ya yi ta kaɗawa, zare na bugun zobban da yake bi a jikin sanda, gudun koton na raguwa, saitin na kaucewa. Uwa-uba, idan kifi ya kama a can ciki ya nufi wayar ƙarfe ko ginshiƙi, ba ta da ƙashin bayan da za ta juyo da kansa.

Mai tauri, M ko sama, ita ma tana da nata. Kafin ka lanƙwasa ta sai ka ja da ƙarfi sosai, zaren da ake wannan aiki da shi kuwa na laba 4 ne, wanda ke tsinkewa a wajen kilo 1.8. Ko dai zaren ya tsinke a ƙulli, ko koton ya suɓuce daga yatsunka kafin ka gama saiti. In ma ya tafi daidai, ranar da kifi ya kama, sandar ba ta sassauta masa, bakin takardar nan sai ya yage.

Abin da ke aiki shi ne L ko ML, mai alamar Fast ko wadda ke tsakanin Fast da Moderate. Samanta yana da laushin da zai lanƙwasu da ɗan ja kaɗan, ya kuma tausaya wa bakin kifi, ƙasanta yana da taurin da zai tura koto ya kuma jawo kifi daga cikin ƙarafa. Rubutun zare ya nuna laba 2 zuwa 6 ko 4 zuwa 8, na koto kuma ya fara daga oza 1/32 ko 1/16. Sai dai fa kada ka dogara da rubutun kaɗai. Babu ma'auni guda da kamfanoni suka yarda da shi, L ta wannan kamfani tana iya zama ML ta wancan. Akwai sandunan da aka ƙera musamman don harbin dandamali, kamar SharpShooter ta kamfanin B'n'M da Speed Shooter ta Lew's, kuma ko ba za ka saye su ba, ka lanƙwasa ɗaya a shago don hannunka ya san abin da yake nema.

Gwajin shago ba shi da wuya. Dafa tsinin a ƙasa a kan kafet, ka danna a hankali, ka kalli inda lanƙwasar ta tsaya. In ta wuce tsakiya ta doshi hannunka, mayar da ita. Sannan riƙe ta a miƙe ka girgiza wuyan hannu sau ɗaya ka tsaya cak. Tsinin kirki zai kaɗa sau ɗaya ko biyu ya nutsu. Wanda ya ci gaba da rawa, haka zai yi maka a kan ruwa.

Abin da aka yi ta da shi

Girafait ba ya da nauyi, yana dawowa da sauri bayan lanƙwasa, yana kuma isar da ɗan taɓin kifi zuwa hannu. Faibagilas ya fi juriya, ya fi araha, amma ya fi nauyi kuma dawowarsa a hankali take. Don harbi girafait ya fi, ko haɗin su biyun. Za ka ga an rubuta IM6, IM7, IM8. A dunƙule, lamba tana hawa, sanda tana ƙara rashin nauyi da saurin ji, tana kuma ƙara saurin karyewa idan ta bugu. Wannan sandar za ta lanƙwasa ɗaruruwan lokuta a wuni ɗaya, za ta kuma bugi katako da gefen jirgi ko ka so ko ka ƙi. Matsakaiciya ta fi dacewa da irin wannan rayuwa, kuma ba dabara ba ce ka kai sanda mafi tsada a shago wurin da ƙarfe da ƙusa suka yi yawa.

Mai guda ɗaya ta fi mai haɗi biyu. Mahaɗin yakan ɗan juya da yawan lanƙwasa, zobban sama su daina kallon na ƙasa, harbi ya riƙa karkata gefe ɗaya kana ta zargin hannunka. Ƙafa 6 tana shiga yawancin motoci a kwance. In dole sai mai haɗi, goga ɗan kakin kyandir a mahaɗin, ka riƙa leƙa layin zobban lokaci-lokaci.

Zobban da zare ke bi su kai kamar ɗaya a kowace ƙafa, ban da na tsini. In sun yi kaɗan, zare yakan yi kusurwa tsakanin zobe da zobe idan sanda ta lanƙwasa, nauyin ya taru a wuri ɗaya. Masu ƙwayar tangaran a ciki suna da santsi, amma ƙwayar takan tsage ko ta fice in tsini ya bugi katako, zallan ƙarfe kuwa ya fi jure duka. Ɗauki ɗan tsinken auduga na goge kunne ka zagaya cikin kowane zobe. In audugar ta maƙale, akwai tsaga, kuma wannan tsagar za ta yi ta cin zarenka ba ka sani ba.

Mariƙi gajere ake so. Dogon gindi yana kama hannun riga da ciki daidai lokacin da kake son sandar ta kwanta. Na soso ko na ɓawon kok, duk ɗaya ne, zaɓi wanda bai zame maka ba idan ya jiƙe. Ka ɗaura injin naɗe zare, wanda ake kira ril, ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya dab da gaban mazaunin ril ɗin. In ta tsaya daidai ko ta ɗan rinjaya baya, madalla. In kai ya rinjaya, wuyan hannunka zai gaya maka kafin azahar.

Ril da zare

Sanda mai kyau da zare marar kyau ba ta harba komai. Ril ɗin ya zama irin mai rataya a ƙarƙashin sanda, wanda kwarkwaronsa ke tsaye zare na zubowa daga bakinsa, lamba 500 zuwa 1000. Mai 1000 ya ɗan fi, domin kwarkwaronsa ya fi faɗi, zare ba ya nannaɗewa sosai. Cika shi har saura milimita 2 ko 3 ya kai baki. In bai cika ba, zare yana gogar leɓen kwarkwaro, nisa ya ragu. In ya cika fiye da kima, sai ya zubo dunƙule guda ya harɗe.

Zaren roba na laba 4 ko 6, mai launi mai ɗaukar ido, rawaya ko kore mai haske. Laba 4 ya fi nisa, ya fi barin koto ya nutse yadda ya kamata, laba 6 ya fi jure gogar ginshiƙi. Launin ba ado ba ne. Koton yana cikin duhu inda ba ka gani, kifin yakan ɗauke shi tun yana nutsewa, zare ne kaɗai zai ba ka labari. Zaren fulorokabon ba ya ganuwa sosai a ruwa, amma yana da tauri, yakan yi tsalle daga ƙaramin kwarkwaro. Saƙaƙƙen zare yana nisa ƙwarai, sai dai ba ya miƙewa ko kaɗan, duk fizgar da ka yi tana sauka kai tsaye a bakin kifi, yana kuma maƙalewa a tsagar tsohon katako. Mai koyo ya fara da na roba.

Birkin ril, wato maɓallin da ke gaban kwarkwaro, a sassauta shi yadda zare zai fita idan an ja da ƙarfin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren ba. Wayar da ke kifewa a kan kwarkwaro kuma ka riƙa rufe ta da hannu bayan kowane harbi, ka ɗan ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi. Rufe ta da juya hannun ril yana barin sako-sakon zare a kwarkwaro, shi ne ke zama ƙulli bayan harbi goma.

Koto

Ba a harba ɗan kifi mai rai, yagewa yake daga ƙugiya. Abin da ake harbawa shi ne jig: ƙugiya mai ɗan kan dalma, a soka mata jikin roba mai kama da ɗan kifi, inci 1 da rabi zuwa 2, wato santimita 4 zuwa 5. Nauyi uku aka fi amfani da su: oza 1/32, kusan giram 0.9; oza 1/24, kusan giram 1.2; da oza 1/16, kusan giram 1.8. Marar nauyi ya fi tsalle a kan ruwa, ya fi jinkirin nutsewa, abin da kirafi ke so ke nan. Mai nauyi na ranar iska ne da ruwa mai zurfi. Jikin robar ya zama dunƙulalle mai miƙaƙƙiyar wutsiya, domin mai lanƙwasasshiyar wutsiya da yawan gashi yana kama iska ya juya a hanya. Ɗiga ɗigo ɗaya na sufa gulu tsakanin dalmar da robar tun a gida. In ba haka ba, duk tsalle biyu ko uku robar ta zame ta taru a lanƙwasar ƙugiya.

Ƙugiyar ta zama ta siririyar waya. Idan ta maƙale a katako, ja a hankali yakan buɗe ta ta fito, ka mayar da ita da filaya ka ci gaba.

Harbin kansa

Buɗe wayar ril, ka saki zare har jig ya sauko daidai zoben farko, wanda ya fi kusa da ril. Danne zaren da manuniyar hannun da ke riƙe da sanda. Da ɗaya hannun, kama jig ɗin da babban yatsa da manuniya a lanƙwasar ƙugiya, bayan tsininta, yadda babu wani abu mai kaifi da zai bi ta tsakanin yatsunka idan ka saki. Kada ka riƙe wutsiyar roba, tsinkewa za ta yi. Kada kuma yatsa ya shiga gaban tsinin. Wannan kuskuren sau ɗaya ake yin sa, ƙugiyar tana da ƙaya a baya, ba ta fita ta inda ta shiga cikin sauƙi.

Miƙa sandar wajen ƙofar da kake so, ka ja jig baya zuwa wajen ril har saman sandar ya lanƙwasa. Ja ne daidai gwargwado, ba gwajin ƙarfi ba. Ido ya koma kan zaren da ke tsakanin yatsunka da tsini, domin shi ne kibiyar: inda ya nuna, nan jig zai bi. Ya kwanta daidai da fuskar ruwa, ƙasa-ƙasa. Hannun da ke riƙe da sanda kada ya motsa, kada ka tura shi gaba kana taya ta. Saki jig, sannan da ƙiftawar ido ka ɗaga manuniya daga zaren, daidai lokacin da jig ke wuce tsini.

Wannan ɗan tsakani shi ne dukan sirrin, kuma kurakuransa suna da alama. In jig ya faɗi kusa da kai ba ƙarfi, ka saki zaren da wuri, ƙarfin sandar ya zube a banza. In ya tashi sama ya bugi katako ko rufi, ko ya dawo maka, ka makara wajen sakin zaren. In ya nutse nan take a bakin ƙofa maimakon ya yi tsalle, zaren yana kallon ƙasa da yawa, ka ƙara sauke jikinka. In kullum gefe ɗaya yake kaucewa, duba ko kana karkata ril ɗin, ko mahaɗin sanda ya juya. Sa tabarau, ko da na rana ne, saboda jig ɗin da ya bugi ƙarfe yana dawowa da gudu.

Da ya shiga, rufe waya, ka bar shi ya nutse kana ƙirgawa. Jig na oza 1/16 a siririn zare yana sauka kamar ƙafa ɗaya a daƙiƙa, na 1/32 ya fi haka jinkiri. Fara da ƙirga 3, harbi na gaba 5, na gaba 8, har ka gano zurfin da suke. Tunda kirafi sama yake kallo, gara koton ya wuce ta kansa da ya wuce ta ƙarƙashinsa. Naɗi a hankali, ba tare da yawan girgiza ba. Zare ya ɗan yi tsalle, ko ya yi sako-sako tun kafin lokacin da ya kamata ya kai ƙasa, ko ya kama tafiya gefe, duk kifi ne. Ɗaga wuyan hannu kawai, ko ka ja sandar gefe in akwai katako a sama. Ka bar tsini ƙasa-ƙasa har kifin ya fito fili, don kada zare ya gogi gefen dandamali. Babba a sa masa ɗan koma a ɗauko shi. Bayan kowane kifi ko maƙalewa, bi mita ɗaya na ƙarshen zaren da yatsu, in ka ji kaushi yanke ka sake ƙulli.

Ba kowane dandamali ne ke riƙe kifi ba. Tsoho, mai faɗi, wanda ya kwanta kusa da ruwa, ya fi sabo mai tsayi da rana ke ratsawa. Wanda ka ga an kafa masa fitila da mariƙan sanduna, mai shi yana fatsa, kuma sau da yawa ya nutsar da rassan itace a gindinsa. Lokacin da ruwa ya kai ɗumin digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Selsiyos, wajen Maris zuwa Mayu gwargwadon jiha, kirafi na matsowa ruwa marar zurfi don yin ƙwai. Da tsananin zafi da hunturu kuwa sai a nemi dandamalin da ke kan zurfi. Rana mai haske ta fi ranar hadari, domin ita ce ke tara su a inuwa ɗaya.

Kowace jiha tana da lasisinta da iyakarta. A Lake of the Ozarks, misali, kirafi 15 ne a rana, kuma wanda bai kai inci 9 ba a mayar da shi ruwa. Dandamali kuwa dukiyar mai shi ce. Ba a hawa, ba a ɗaure jirgi a jiki, kuma jig ɗin da ya maƙale a kujerar jirgin wani ko igiyarsa shi ne ke jawo faɗa. Inda ba ka da tabbacin saitinka, wuce.

Abin da ke karya ta

Ba kifi ke karya irin wannan sanda ba, abubuwa uku ne. Ɗaga ta tsaye cak kana ƙoƙarin ɗago kifi cikin jirgi, sai nauyin duka ya koma kan taƙi ɗaya na tsini ya ɓalle. Fizgar maƙalallen jig da sanda. Da kuma ɗan rauni da ta samu jiya a jikin ƙarfe ko ƙofar mota, wanda ido bai gani ba, sai yau da ka lanƙwasa ta ta karye daidai wurin. In jig ya maƙale, miƙa sandar ta kalli wurin kai tsaye, dafe kwarkwaro, kau da fuskarka, ka ja baya a hankali har ƙugiya ta buɗe ko zare ya tsinke. In za ka ajiye ta, kada ka rataya ƙugiyar a cikin zobe, akwai ɗan maƙali kusa da mariƙi don haka.

Kafin ka kai sabuwar sanda ruwa, datse tsinin ƙugiyar jig ɗaya da filaya, ka kwantar da bokiti a tsakar gida bakinsa na kallonka, ka zauna a kujera taku 8 daga gare shi. In ka fara zura bakwai cikin goma, ja baya zuwa taku 12, sannan ka tura bokitin ƙarƙashin benci ko mota yadda sai jig ya bi ƙasa-ƙasa zai shiga. A nan za ka gane ko sandar ta dace da hannunka, tun takardar shagon tana aljihunka.